Yadda Dattijo Zai Tsira Daga Tambayoyin Jikoki

Duk dattijon da ke zaman inuwa a Maiurno ko a ƙauyukan da ke kewaye da Wad Madani ya san abin da ke barazana ga rawaninsa. Jika ne ɗan shekara tara mai yawan "Kaka, don me?" Bashi ma yana ɗaga ƙafa, shi kuwa ba ya ɗagawa. Ga 'yan dabarun tsare mutunci.

Da farko, kada ka yi saurin buɗe baki. Kurɓi jabana, wato kofi, gyara zama, yi gyaran murya, ka dubi nesa. In da rabo, akuya za ta kutsa cikin shanyar dawa, hankalin kowa ya koma can. In akuya ta ƙi ba da haɗin kai, sai aike. Ka tura shi gidan da ya fi nisa ya karɓo maka abin da ka san babu.

Amma yaran yanzu suna dawowa da tambayarsu a hannu. Sai ka ji, "Kaka, wa ke turo ruwan tur'a har hawasha, ga shi babu inji?" Tur'a dai magudanar ban ruwa ce, hawasha kuma gona. Ka ce ikon Allah ne. Gaskiya ka faɗa, kuma babu ɗan halak da zai musa. Matsalar ita ce malamin makaranta ya riga ya ba shi ragowar bayanin: madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, tana tare Shuɗin Nilu har ruwan ya hau bakin babbar tur'a, ƙasar Jazira kuwa ta ɗan karkata arewa wajen Khartum, karkatar da ido ba ya gani amma ruwa yana binta. Daga babbar tur'a zuwa ƙarama, zuwa magudanar Abu Ishirin, zuwa ta Abu Sitta, har gindin auduga, gangara ce kawai. Baƙar lakar nan mai ƙwace maka takalmi da damina ita ke hana ruwan zurarewa a hanya, don in ta jiƙe kumbura take yi ta toshe kanta. In yaro ya karanto maka wannan, gyaɗa kai a hankali ka ce, "To, ashe an fara koya muku. Da sauranku."

Wata rana zai tambayi dalilin da kogi ke cika ya yi jajir a watan Agusta alhali garinku bai ga ruwan kirki ba. Amsar gajera ce: ruwan a tsaunukan Habasha ya sauka, kogin daga tafkin Tana ya taso, jan kuma ƙasar can ce ya kwaso. Kai dai da ka ji an ambaci Habasha, ka samu mafita. Karkata zance zuwa babbar madatsar da suka fara ginawa a 2011, ka kawo Masar, ka ɗaga murya. A fagen siyasa ba a tambayar dattijo hujja, kuma kafin ka gama yaron ya yi barci.

Tambayar randa ba ta da wuya, kada ka ɓata dabara a kanta. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, bushewar ta tafi da zafi. Shi ya sa ta fi sanyi ranar busasshiyar iska. Faɗi wannan da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, don a san kana da ilimi, ɓoyewa kake yi.

Waya ce inda ake faɗuwa, musamman manhajar banki ta Bankak. In ya ce, "Kaka, ina kuɗin Bankak ke kwana in waya ta mutu?" kada ka ce a cikin batir. An taɓa faɗin haka a wani zaure, har yau ana tsokanar mutumin. Kuɗin na rubuce a lissafin banki, waya saƙo kawai take kaiwa, shi ya sa in shabaka, wato sabis, ta ɗauke kana da kuɗi amma mai shago ba zai ba ka sukari ba sai ya ga ish'ar, wato shaidar shigar kuɗi. Mafi aminci shi ne ka lalubi aljihu ka ce tabaranka sun ɓata, ka miƙa masa wayar ya tura da kansa, kai kuma ka tsaya a kansa kana cewa yana bin matakan daidai.

Sai kuma wadda ke sa majalisa yin tsit: "In kakanninmu Makka suka nufa, me muke yi a nan har yanzu?" Wannan gonarka ce, ka baje. Faɗa masa yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a hannun sojojin Ingila, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a gabas har bakin wannan kogi. Faɗa masa alhazan ƙafa da suka tsaya tsinkar auduga don tara guzuri, guzurin ya zama gida, gida ya zama unguwa. In ya ce yaushe za a ƙarasa tafiyar, ka ce bayan girbi. Kakanka ma haka ya ce.

Tambaya ɗaya ce ban yarda a yi mata dabara ba. In jikanka ya raɗa maka cewa yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, kada ka ce alamar girma ce, kada ka ɗora wa rana ko aljanun tur'a. Tsargiya ce. Ƙananan dodon koɗin da ke cikin ruwan tur'a ke sakin tsutsar, ta huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa, ta yi ƙwai a jikin mafitsara. Tana da magani, ƙwayar praziquantel, ana auna ta da nauyin yaro ko tsawonsa. Ajiye jabanar, malam, ka sa takalmi ka kai shi asibiti yau.