Baƙi Iri-iri a Zagayen Ɗanɗano, daga Gashua zuwa Machina

A birnin Palermo na tsibirin Sisili a Italiya, zagawa da baƙo kasuwa sana'a ce mai zaman kanta. Masu yawon buɗe ido su biya kuɗi, jagora ya tara su ya ratsa da su kasuwannin Ballaro da Capo, ana tafe ana ci. A ba su panelle, garin wani irin wake da ake soyawa a mai, ɗan'uwan ƙosai na nesa. A ba su arancina, dunƙulen shinkafa soyayye da nama a ciki. Masu ƙarfin hali su gwada burodi da saifar maraƙi, wadda ya kamata Musulmi ya yi tambaya kafin ya kai baki, don da kitsen alade aka saba soya ta. Jagoran ba ya mantawa ya gaya musu Larabawa sun ci birnin a shekarar 831.

A arewacin Yobe ma ana wannan aiki, sai dai babu tikiti, kuma jagoran ne ke biya. Duk wanda ya taɓa saukar baƙi a Gashua, Nguru ko Machina, na biki ne, ko masu kallon bikin al'adun da masarautar Machina ke yi duk shekara, ko iyayen da suka rako ɗalibi Jami'ar Tarayya ta Gashua, ya san da an idar da la'asar wani zai ce, “To, ba za a zaga da mu gari ba?” Gari kuwa a bakin baƙo kasuwa ke nan.

Mai masaukin kansa shi ne na farko a jerin. Ya san kowa, kowa ya san shi, kuma nan matsalar take. Taku biyar ya tsaya: barka da kasuwa, ya ciniki, ya iyali, ya mai jiki. Baƙi na tsaye suna haɗiyar yawu, tsire na hucewa. Zai wuce teburin kilishi uku ba tare da ya waiwaya ba, ya tsaya a na huɗu ya rantse duk Najeriya babu irinsa. Sai an koma gida za a ji ashe mai kilishin surukinsa ne. In kuwa Bamange ne aka iso gun mai fura da nono, an shiga uku, don Mangawa Barebari ne, Barebari da Fulani kuwa abokan wasa ne. “Ke baiwata, dama wa baƙin ubangidanki.” Ita kuma ta ce yaushe bawa ya samu kuɗin nono. Kafin a rabe waye bawan wani, ƙanƙarar da ke cikin kwano ta narke, kuma ta ƙara masa kuɗi.

A bayansa Malam Ɗanɗano yake tafe, hannu a baya. Al'adar masu kilishi da balangu ce su yanko ɗan guntu su miƙa wa mai son saye, shi kuwa ya mai da wannan karamci abincin darensa. Ya karɓa, ya tauna a hankali, ya ɗaga kai sama yana nazari, sannan ya yanke hukunci: “Gishiri ya ɗan yi yawa.” Na gaba kuma tunkuza ta yi kaɗan. Na gaba da shi bai ji wuta ba. Kalmar sallamarsa ɗaya ce, “Bari in zaga in dawo,” kuma babu mahaucin da ya taɓa ganin dawowar. Sun gane shi tun daga nesa, shi ya sa yankan da ake ba shi ke ta ƙanƙancewa har ya zama ana hango fitila ta cikinsa. Bai damu ba. Daga layin nama ya gangara gun masu dabino, ya ɗanɗana na Nijar ya ɗanɗana na gida, ya rufe da ƙwayar gyaɗa. In aka kawo tuwo da dare sai ya ce shi fa bai cika cin abu mai nauyi ba.

Bakano ba ya ɓoyuwa. Komai aka ba shi, amsarsa ta fara da “Ai a Kano.” Ai a Kano waina ta fi wannan faɗi, ai a Kano ba haka ake haɗa yaji ba, wai nan babu mai gurasa bandashe? Mutanen Nguru sun daɗe da sanin maganinsa. Su tuna masa cewa tun 1930 layin dogo daga Kano ya zo ya tsaya a garinsu, kuma shekara da shekaru gyaɗa da fata da ƙaro da busasshen nama daga nan ake loda su, naman ya wuce ta Kanon zuwa Kudu. Su ƙara masa da cewa ba mamaki bandar da uwargidansa ke sa wa miyar kuka daga fadamar Hadeja da Nguru ta fito. Zai yi shiru na minti biyu. Abin mamaki, da aka zo tafiya, babu wanda ya kai shi cika bayan mota.

Jarumin yaji ba ya daɗewa. “Zuba, zuba, ni barkono ba ya kama ni.” Loma uku sai hula ta sauka, ido ya kaɗa, ya shiga tambayar inda mai zoɓo take da wata murya da ba tasa ba.

Wanda ya fi ba masu kasuwa dariya shi ne ɗan boko mai tsoron ciki. Da ruwan roba ya shigo, da ƙwayar magani a aljihu. Ya tambayi mai fura da wane ruwa ta dama, ya tambayi mai awara tun yaushe man nan yake kan wuta. Duk wannan tsantseni yana ƙarewa ne a gaban tiren fara. Bayan kaka ake samun ta da yawa a wannan yanki, a cire fiffike, a soya da gishiri da yaji, ta fito ja tana ƙamshi. Da farko ya kau da kai. Aka matsa masa ya ɗauki ɗaya don kada a ce ya rena mutane. Ta biyu kuma wai don ya tabbatar. In ayari ya yi gaba za a ga ya ɗan tsaya ɗaure takalmi, yana raɗa wa yarinya ta ƙulla masa a baƙar leda. Abokin tafiyarsa ɗan bautar ƙasa daga Kudu ya fi shi gaskiya: ya ci a fili, ya kira mahaifiyarsa a waya ya ba ta labari, ita kuma ta ce ya tattara kayansa ya dawo gida.

Mai ɗaukar hoto kuwa doka gare ta: kada wanda ya taɓa sai ta ɗauka. “Ku dakata! Mama, sake juya wainar, ban kama ba.” Mama ta juya wadda ta riga ta nuna. A Machina sai an riƙe mata kwanon fura daidai saitin duwatsun garin. Kafin bidiyon ya hau TikTok abinci ya yi sanyi, kuma ita ba ci za ta yi ba. Masu sana'a dai sun waye, yanzu sharaɗinsu ta faɗi sunan rumfar.

Akwai tsohon malamin makaranta, wanda kowane ayari ke buƙata, ko da ba kowa ke jure masa ba. Da an ajiye gasasshiyar tarwaɗa a Gashua, kusa da kogin Yobe, zai gyara zama. Zai bayyana yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka canza zuwan ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta, da yadda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ta hana masunta da manoma sakat. Zai faɗi cewa a 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma a 1989 Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona kallon tsuntsaye. In a Machina ne, sai ya kawo labarin macizan fada, waɗanda ake ɗauka dangin gidan sarauta ne, ba a kashe su. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma da za a saurara da an ƙaru. Amma masu sauraron kai kawai suke gyaɗawa, hannuwansu na aiki. Ya kai aya ya duba faranti, sai kai da ƙaya.

Hajiya mai tsaraba ba ɗanɗano ya kawo ta ba. Da takarda ta zo, ɗauke da saƙon rabin unguwa: bandar kifi, kantun riɗi, goruba, aduwa, busasshiyar kuɓewa, da cukun da ke shigowa daga Nijar. Tayinta na farko yakan sa mai kaya ya ce “Albarka” har sau uku. Ta juya kamar mai tafiya, ya kira ta, ta saya, ta nemi gyara, ta nemi gyaran gyara. A gidan saukar ma ba ta zauna ba, tana kicin tana yaba burabisko tana ƙirga abin da aka zuba, don ta je ta ce ita ta ƙirƙiro. Mai shan wahalarta direba ne, wanda zai bi ta Hadeja har gida da kwali huɗu na banda, motarsa ta yi mako tana shaida inda ta je.

Duk waɗannan mai masauki na iya ɗauka. Wanda ke gagararsa shi ne mai cewa “Bari, ni zan biya,” bayan an gama biya, yana lalubar aljihun da ya san babu komai, ko yana ɗaga waya sama wai sabis ya hana shi tura kuɗi. Don haka mai niyyar zuwa bikin Machina na gaba ya taho da canji a hannu. Mai fura da yarinya mai fara kuɗi suke karɓa, kuma mai masaukin nan ma albashi yake jira.