Wasiƙa Ga Taubashina, Attajirin Da Bai San Kansa Ba

Mancesta, Ingila
Watan Disamba

Taubashi,

Ka gaida Goggo, ka ce mata yaji ya iso, amma ƙullin da ta ware mini uwargida ta ƙwace. Maganar gonar bayan rafi na ji, ku yi yadda Baffa ya ce. Auta ta shiga makaranta, yayanta ya zubar da haƙori biyu, mota ta warke. Labarin gida ya ƙare ke nan. Gyara zama, yau na zo maka da albishir: kai attajiri ne, shekara arba'in kana tafe da dukiya a ka ba ka sani ba.

A garin nan, cikin wannan wata, kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba. In fita asibiti cikin duhu, in dawo cikin duhu. Rana idan ta leƙo, kamar amaryar da aka kai jiya take, ta ɗaga mayafi ta mayar. Har hukumar lafiya takan shawarci jama'a su riƙa shan ƙwayar bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, don jiki ba ya samun rabonsa. Rana a kwalba, Taubashi, ana sayar da ita a kanti kusa da maganin tari!

To, wanda kwalba ba ta ishe shi ba sai ya tafi sari. Abokan aikina shekara guda suke tara kuɗi kamar mai adashen aure, lokacin shan shayi kowa ya duƙufa kan waya yana zaɓen inda zai je ya sayo rana. Bana aurenmu ya cika shekara goma, uwargida kuma ta ci jarrabawarta, na ce ta faɗi abin da take so. Ta buɗe baki ta ce Maldibs. Mako uku ke nan muna zaɓen masauki, ko zaɓen sarki ba ya ɗaukar haka.

Ƙasa ce a tekun Indiya, tsibirai wajen 1,200 a warwatse kamar an watsa wa kaji tsaba. Ƙasar a kwance take, katangar gidan Baffa ta fi akasarin tsibiran tudu. Ruwa na barazanar cinye su, har a 2009 shugabansu Mohamed Nasheed ya tara ministoci suka yi taro a ƙarƙashin teku don duniya ta ji kukansu. Musulmi ne kakaf, matafiyin nan Ibn Batuta ma ya yi musu alƙalanci. Tun 1972 da suka buɗe masaukin baƙi na farko suka ɗauki tsari: tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Kafin ka zaɓi ɗaki sai ka fara zaɓen gari sukutum. Na kusa da filin jirgi, kwalekwale mai inji zai kai ka. Na nesa sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, shi kuma ba ya tashi da dare, kuma matuƙansa da yawa ba takalmi suke tuƙi.

Yanzu ka riƙe hularka. Ɗakin da ya fi tsada a can bukka ce. Bukka mai rufin ciyawa, an kafa ta bisa turaku kamar rumbun Goggo, sai dai ƙarƙashinta ruwa ne maimakon kaji. Akwai ta dala 1,000 kwana ɗaya, akwai wadda ta ninka haka sau da yawa, ban da kashi 10 na hidima da harajin muhalli da ake caje kowane kai kowane dare. A wasu tsibiran kana sauka za su karɓe takalminka su sa a jaka, sai ranar tafiya. Kai da aka sha zanewa a makarantar allo kan yawo ba takalmi, ashe horon manya kake yi.

Duk wannan sharar fage ce. Abin da ke kai baƙi can shi ne shanya. Wallahi shanya, ba ta tufafi ba, ta mutum. Baligi mai hankali, mai 'ya'ya da jikoki, ya yi tafiyar awa goma da wani abu a jirgi, ya isa, ya shafe jikinsa da mai tun daga goshi har diddige, ya miƙe a gadon katako yana kallon sama. Bayan rabin awa ya juya ɗaya gefen. Masu kilishin Agadasawa ba su kai su iya juyi ba. Akwai masu tashi da asuba su kama gado da tawul, kamar mai kama sahun gaba ran Idi, kada wani ya riga su wurin da rana ta fi duka. Kwana bakwai ana haka. Ya dawo ja wur kamar tattasai, fatar kafaɗa na saɓulewa, ba ya iya jingina da kujera, abokan aiki su kewaye shi suna yi masa barka. Wata abokiyar aikinmu ta dawo fara kamar yadda ta tafi, hadari ya rufe musu mako guda, don daga Mayu zuwa wajen Nuwamba damina ce a can. Sai da aka yi ta yi mata jaje kamar wadda gobara ta cinye wa shago.

Shi ne na ɗauki biro na yi maka lissafi. Kai da kake sharar gona a Afrilu tun hantsi har la'asar, ba mai, ba tawul, ba mai kawo maka ruwan kwakwa a faranti, ranar da ƙeyarka ta sha daga yaye zuwa yau ta sayi bene uku a unguwar Nasarawa, har da canjin yi wa Goggo kujerar Makka. Kullum kana tsaki kana neman inuwa, kana gudun arziki da ƙafarka. Ga shawara: ka share saman soro, ka shimfiɗa tabarmi goma, ni zan riƙa turo maka baƙi daga nan. Aikinka ɗaya ne, ka bi su da muciya kana juyawa. Wanda ya nuna ka sauke shi, ka hau da ɗanye. Riba biyu bisa uku tawa ce, ka san matsayinka a wurina tun ran suna.

Farin yashin da suke kwanciya a kai ma, mafi yawansa daga cikin wani kifi mai baki kamar na aku yake fitowa. Ya gwagwiyi murjani, ya niƙa, ya fitar ta baya. Ban gaya wa uwargida wannan ba, kai ma ka riƙe bakinka.

Abin da ya sa na amince da ƙasar ba ka zata ba. Kuɗin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kasuwar Kurmi, akasarinsa daga tsibiran nan aka kwaso shi. Mutanen can su jefa ganyen kwakwa a ruwa, halittar ta manne, su zube a yashi har naman ya bushe, a loda a jiragen ruwa ya zaga ta Turai ya sauka gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi. Da Baturen nan matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne dala ɗaya. Ka buga da dala 1,000, ka gaya mini jakuna nawa za ka kora kafin ka kwana ɗaya a bukkar nan. Zan tsaya a bakin ruwan in ga garin su kuɗi da idona, ni jikan masu ƙirga shi.

Mun dai tsayar da magana. Fabrairu za mu tafi, lokacin rani, kwana biyar. Tsibiri na kusa, ɗaki a kan tudu ƙarƙashin itatuwan kwakwa, don Auta ba ta san tsoron ruwa ba. Na sa sharaɗin yini ɗaya a Male, babban birninsu, in yi salla kusa da tsohon masallacinsu na Juma'a da aka gina da dutsen murjani sama da shekara 350. In ji kiran salla yana tashi a sarari, ba daga waya ba. Shekara huɗu rabona da wannan.

Da muka zo biya, sai aka tambaye mu ina muke so ɗakin ya fuskanta, mafitar rana ko mafaɗarta. Uwargida ta dube ni, na ce yamma. Ita ta ɗauka don kyan hoto ne. Bambancin agogo tsakanin Male da Kano awa huɗu ne. Ranar da za ta nutse a teku gabana wajen ƙarfe 6, a daidai lokacin tana bisa kanku, ƙarfe 2, kun idar da azahar, kana gindin dalbejiyar ƙofar gida kana cika baki, Goggo na aiko yaro da kwanon fura, an bar gefen tabarmar nan da nake zama ba kowa.

Don Allah ka sa wayarka a caji a mako na biyu na Fabrairu, kada ka ce mini ba wuta. Zan kira ka da hoto. Ba fuskarka nake nema ba, na haddace ta, ka juya wayar in ga zaure da dalbejiya. Kuɗin shararka na bana suna hannun Baffa, ka je da ladabi ka karɓa.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Mancesta