Cek Mai Girman Ƙyaure

Ranar Talatar nan wani yaro ya kawo mini katin gayyata mai kauri, da ruwan zinare a gefe-gefe, wai za a sake ƙaddamar da gidauniyar gyaran tsohon soron nan na garinmu. Sakewa fa za a yi. Soron da aka tara mu dominsa bara waccan, muka sha rana muka yi tafi har tafin hannu ya yi ja, yana nan yadda muka bar shi, sai dai zanko ɗaya da damina ta ƙara ɗauke masa. A bayan katin an jero uban taro, uwar taro, shugaban taro, babban baƙo, babban baƙo na musamman, babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa, mai masaukin baƙi, sannan babban mai masaukin baƙi, don kada ƙaramin ya ji kaɗaici. Na duba sama na duba ƙasa, ban ga sunan magini ko ɗaya ba.

Ai kun san yadda ake yi. Kati ya ce ƙarfe goma na safe, babban baƙo ya iso bayan azahar, kuma ba shi ba ne, wakilinsa ne. Ya gyara babbar riga ya ce maigida ya so ƙwarai a yi da shi, sai aiki ya taso a Abuja, amma gudunmawarsa za ta biyo baya. Tana nan tafe, wataƙila a ƙafa ta taho. Sai wani Alhaji ya miƙe ya ce shi don Allah ya yi, saboda haka ba ya so a bayyana abin da ya bayar. Aka yi kabbara. Ma'ajin kwamiti ya tabbatar mini an cika masa burinsa, domin har yau kuɗin ba su bayyana ga kowa ba, har da banki.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cek ɗin babban mai ƙaddamarwa.

Ban san wanda ya fara koya mana wannan ɗabi'a ba, amma yanzu ba a cika ba da gudunmawa da cek ɗin da ke shiga aljihu ba. Na kwali ake bugowa, mai girman ƙyauren zaure, ƙarti biyu su rirriƙo shi daga bayan mota, ana buɗa musu hanya. Sifirin da ke jikinsa kowanne ya isa yaro ya zura kai. Mai ƙaddamarwa ya kama gefe guda, shugaban kwamiti ya kama ɗaya gefen, aka tsaya ana murmushi har masu hoto suka gaji. Sankira kuwa ya ƙwace lasifika: "Ranka ya daɗe, giwa mai tafiya da kayan wasu! Jama'a, ku ƙirga sifiri, wanda ya gaji ya huta ya ci gaba!" Muka ƙirga. Wani dattijo kusa da ni ya ce da wannan kuɗi ba soro ba, ko garin ma a rushe a sake.

Da taro ya watse sai aka rasa inda za a kai cek. Banki ba ya karɓar kwali. Bai shiga motar ma'aji ba, bai shiga ofishin sakatare ba. Daga ƙarshe aka jingine shi a cikin soron, kafin a ga ainihin kuɗin. Da iskar farkon damina ta ɓalle tagar gabas, mai gadi ya ɗauko shi ya toshe wurin, ya tokare da azara. Ku yarda da ni, tun da aka kafa kwamitin nan babu gudunmawar da ta amfani ginin sai wannan. Feshin ruwa ya daina shiga ta gabas. Jemagu sun rage zirga-zirga. Har na fara tunanin ko mun zalunci masu kuɗinmu da muke cewa ba sa cika alkawari. Laifinmu ne da muke tambayarsu kuɗi. Da kwali muka nema, da tuni an gama. A ce kowane mai alkawari ya kawo cek daidai girman bakinsa: na wakilin babban baƙo ya rufe tagar yamma, na 'yan majalisa a jera su a yi silin, na Alhajin da ba ya son a bayyana kuma a kifa shi a ƙasa ya zama dandamali, rubutun na kallon ƙasa, sirrinsa a rufe. Wanda ya yi alkawarin biliyan a sa masa sharaɗi ya bugo nasa a kan kwano, mu samu rufi.

Ina dariya, amma raina a ɓace yake. Ginin ƙasa ba ya jiran jawabin godiya. Abin da yake so kaɗan ne, sai dai yana son sa kowace shekara kafin ruwa ya sauka: a gyara indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Ranar 11 ga Agusta, 2023, ana sallar la'asar, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufto kan masallata, aka rasa rayuka. Ginin Muhammadu Durugu ne, Babban Gwani, tun shekarun 1830, wanda masana gine-gine ke tasowa daga ƙasashe don su ɗaga kai su kalli baka-bakansa. Ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya fara a zamaninsa, tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ta jure yaƙe-yaƙe, ta jure igwar Turawa a 1903, amma ta kasa jure mu. Wannan ya haƙi ƙasar yin bulo, wancan ya zuba shara, mai ƙarfi ya share ya dasa shaguna. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da ke jiran shiga kundin kayan tarihin duniya na UNESCO, kullum abin da za a nuna wa masu dubawa yana raguwa. Kada ka yi mamaki in wanda ya ci gefen badala da gininsa shi ne a kujerar gaba ranar gidauniya, ana yi masa fifita.

A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka yi ginin da ke tsaye yanzu a 1907, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi. Mata su ɗebo ruwa, samari su yi ta tsere da kwandunan kwaɓaɓɓiyar ƙasa, magina su hau itatuwan da ke jikin bango, kafin rana ta yi zafi aiki ya yi nisa. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 ita ma da yaɓe take tsaye. Mu muna da sunan abin tun kaka da kakanni, aikin gayya, amma wa zai buga sunansa a jarida don ya ɗauki ƙasa a ka?

Na samu wani tsohon magini a gindin soron na ce, "Baba, me ginin nan yake bukata?" Ya kalle ni ya kalli bango. Ya ce, "Ɗana, ƙasa, ruwa, makuba, azara 'yan kaɗan, sai samari da abin da za su ci. Kuɗin hayar rumfuna da janaretan ranar nan da ni aka ba, da ba ka ga tsagar nan ba." Sannan ya roƙe ni in taya shi addu'a kada kuɗin su fito da yawa. Ya ce duk inda kuɗi suka yi yawa, rushewa ake yi a tayar da bulo da siminti, a liƙa tayil, a shafa fenti ruwan ƙasa, a kafa allo da sunan wanda ya ceto tarihi.

Af, na manta da ankon. Matan 'yan kwamiti sun fitar da atamfa mai hoton soron, turmi-turmi, wadda ba ta saya ba ba ta kishin garinsu. An yi rigima a kan launi, an yi gaba a kan wadda ta kai wa tela a makare, wata ma sai da ta yi yaji kafin maigidan ya saya mata. Ribar atamfar ban san inda ta shiga ba, kuma ba na tambaya, ina son zaman lafiya da maƙwabta. Amma zanen ya fito da soron da zankwayensa cif, har da wanda ya faɗi daga baya. Duk ɗalibin da zai yi bincike a kan ainihin siffar ginin nan gaba, ba gidan tarihi zai nufa ba. Sai ya yi sallama a ƙofar gida, ya nemi izinin maigida, a roƙi Hajiya ta buɗe akwati.

Jiya na bi ta wajen na ga tagar gabas a buɗe. Mai gadi ya ce mai ɗab'in da ya buga cek ɗin ne ya zo da ɗan sahu ya ɗauke abinsa, don har yanzu ba a biya shi kuɗin bugawa ba. Wai zai goge sunan ya bar sifirin, akwai wata makarantar Islamiyya da za ta ƙaddamar da tata gidauniyar ranar Asabar, sun riga sun ba da kafin alƙalami na haya.