Farfesan Funfuna

Mu mutanen Maiduguri mun san maganin fara: a kamo ta, a soya, a barbaɗa yaji. Farin ƙuda kuwa ba ya soyuwa. Ɗan mitsitsi ne, yana laɓewa a bayan ganyen tumatir yana tsotse ruwansa, ya bar darɓa mai danƙo, ya kuma kwaso cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya. Shi ya mamaye rumfar ledar da na kafa a bayan gida a Bulumkutu, bayan na gama cika wa uwargida baki cewa ta yi sallama da cefanen kasuwar Gamboru.

Da yake boko ya ratsa ni, na rantse ba zan fesa guba ba. Funfuna zan tura ta yi mini yaƙin, wata mai suna Beauveria bassiana, wadda ta ci sunan Agostino Bassi, mutumin Italiya da ya nuna a 1835 cewa ita ke kashe tsutsar siliki. Ƙwayarta kan manne a jikin ƙwaro, ta huda fatarsa, ta cinye shi ta ciki, bayan 'yan kwanaki gawarsa ta yi fari fat. Na yi ta zuba wannan bayani a majalisa har aka laƙaba mini Farfesa.

Na dama garin funfunar, na goya famfo, na shiga feshi da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40. Cikin leda kuwa sai wanda ya shiga. Ita kuma funfunar, baiwar Allah, laima take so da sanyin yamma, rana kashe ta take yi. Saman ganyen na wanke tas, ƙudajen suna ƙasa suna shan inuwa.

Da darɓa ta sa ganye ya yi baƙi, na garzaya na sayo maganin funfuna na bi da shi. Wani dattijo mai lambu a Alau ya leƙo, ya jujjuya mazuban biyu.

"Ɗana, wannan ba ita ce funfunar taka ba?"

"Ita ce, Baba."

"Wannan kuma maganin mene ne?"

Na hau gyaran hula.

"Ai ko da akwai sojan da ya tsira daga rana, kai ka ƙarasa shi."

Mai son gwadawa ya jira damina, ya yi feshi gab da magariba, ya riƙa ɗaga ganye. Mai neman rumfar leda da famfon feshi da araha kuwa ya same ni a majalisa bayan la'asar, akwai ragi.