Injiniya, Ga Yadda Za Ka Tsira da Tuwonka

Ƙasar Kazaure ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar Informatics a Kazaure. Ga kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka ba maƙwabciyarmu Babura a 2021. Masu ilimi sun samu, masha Allah, aikin ne ya yi ƙafa. Babbar kwangila a Dutse ko Abuja ake ƙulla ta, kamfanin birni ya karɓa, ya miƙa wa wanda ya fi araha ta intanet, ko da a Indiya yake. Ƙananan ayyuka kuma wayar hannu ta haɗiye su. To injiniya, in kana Achilafiya, Roni ko Gwiwa kana korar ƙuda daga kan firinta, gyara zama.

1. Yanka wa "ɗan taɓa min" farashi

Kawu zai shigo da kwamfutar da ta sha ƙura tun bikin fari, ya ce, "Ɗan taɓa min, ba wani abu ba ne." Ka taɓa tun hantsi har la'asar, ya miƙe ya ce, "Allah ya yi albarka." Ka amsa da amin hannu bibbiyu, domin addu'ar babba tana da tsada. Sai dai gidan mai ba sa zuba lita da ita. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 janareta ya zama babban mai ci a shagonka, a 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari. Lissafa mai, data, tawada, takarda da lokacinka, ka rubuta farashi da manyan baƙaƙe ka manna a bango. Bango ba ya jin kunyar kawu.

2. Kafin alƙalami, sannan bismilla

In mai makaranta ya ce ka haɗa masa manhajar sakamakon jarrabawa, "in iyaye sun biya kuɗin zango za mu gani," ka yi murmushi ka fito da takarda. A rubuta aikin, a rubuta kuɗin, a rubuta sau nawa za a yi gyara, a sa shaidu, a ba da rabi. In ba haka ba, ranar sunan jikanka ma za a kira ka a canza launin bajo.

3. Kada ka shiga tseren araha

A Fiverr da Upwork kullum akwai wanda zai yi ƙasa da kuɗinka, wutarsa kuma ba ta ɗaukewa. In ka karya farashi yau, maƙwabcinka zai karya gobe, jibi ku haɗu a tasha kuna neman babur na haya. Rage aikin ya yi daidai da kuɗin mutum, kada ka rage darajar aikin.

4. Sayar da abin da ba ya bin intanet

Mutumin Indiya ya iya rubuta manhaja, amma ba zai hau tsani a Gwiwa ya ja waya ba, ba zai zo ranar kasuwa ya tayar da na'urar POS da ta suma ba. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, kuma kowace cibiya tana buƙatar mai kula da injina da wuta. Koyi haɗa sola, kafa kyamarar tsaro da gyaran waya. Kusancinka da mutane jari ne, sa masa kuɗi.

5. Ɗauki ƙirƙirarriyar basira yaron shago

Alhaji zai ce, "Ai yarona ma da ChatGPT yake yi a waya." Ka ce madalla, ka ba shi lambarka, domin zai neme ka ranar da lissafin buhunan riɗi ya ƙi haɗuwa. Kai ma ka koyi sarrafa ta: ta yi maka aikin wahala, kai ka duba ka gyara. Ba ta neman kuɗin abincin rana, amma tana shirga kuskure ko gezau, don haka idonka ya zauna a kanta.

6. Ku haɗa kai

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai manhaja, mai jan waya da mai sola ku yi rajistar kamfani ɗaya a CAC, ku buɗe asusu, ku tara shaidar ayyukanku, ku nemi kwangila da sunanku, maimakon jiran ragowar da 'yan kayi-nayi suka suɗe. In an buɗe horo irin na 3MTT, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2023, ku shiga.

Ku kuma shugabannin makarantu, 'yan kasuwa da ƙananan hukumominmu, kafin ku kira Kano ku leƙa bayan gida. Yaran nan ku kuka biya musu kuɗin karatu. Ku ba su aiki, ku biya su kafin guminsu ya bushe, addu'ar kuma ku ɗora a kai.