Zuwa Ga Bazazzage, Zakin Zaure

Gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Ya mutanen Ƙofar Doka?

Abu ɗaya nake yaba muku, ku Zagezagi, shi ma don ba yadda zan yi: kun iya gini. Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim da ya hau gado a 1834, naku ne. Amma na gano abin da ya sa kuka ƙware. Ɓoyo kuke yi. Dubi gidanku na gado: ƙofar zaure tana kallon hanya, ta ciki an kautar da ita gefe, sai farfajiya, sai shigifa, ita ma ƙofarta a kauce. Baƙo ko wuyansa ya kai na raƙumi ba zai hango tsakar gida ba. Mu ma a Kano haka muke gini, amma mu don kunya, ku don kada asiri ya tonu.

A zaure kai ne Alhaji. Babbar riga ta sha bugu, magana ɗaya-ɗaya, ana kawo maka rikicin aure da na iyakar gona kana yankewa. Da ka wuce shigifa sai girma ya zube. Hajiya Babba ta ƙwala maka kira da Tanko, tunda bayan mata aka haife ka, ta ce ka miƙo mata buta, ka tafi har kana tuntuɓe. Uwargida ba ta faɗin sunanka, gaskiya ne, amma kada ka ɗauka tsoro ne. Mai makullin ɗakin hatsi ina ruwanta da kiran suna?

Ban ce fuska biyu gare ka ba, kada ka kai ni ƙara fada. Alhajin waje da Tankon ciki, kowa arzikin ɗan'uwansa yake ci. Tuwon da ake fitarwa zaure bayan magariba, maƙwabta da almajirai suna sa maka albarka, wa ya tuƙa? Watan da albashi ya makara, adashin wa ya rufa asiri? Uwargida ma in ta je biki, albarkacinka ake shimfiɗa mata darduma. Ka ɗauki yabo, ta riƙe iko, ciniki ya faɗa.

Sai dai magina na da ba su san za a yi waya ba. Autarka ta ɗora hoto a WhatsApp: ga Alhaji da singileti, jika a kafaɗa yana ja masa kunne, shi kuma ya duƙa yana fifita gawayi da faifai. Kafin a ce ta goge, ya iso Kano.

Watan cika-ciki ya kusa. Ka aiko da kuɗin shara cikakke, ba irin na bara ba. In ka yi nawa, a Kantin Kwari akwai masu buga hoto a jikin riga, kuma suna yi mini rahusa.