Motar da Ke Shan Taki

Ƙanena da ke zaune a Houston, can jihar Texas, shi ya zuga ni. Ya ce, "Yaya, kuɗin da kake zuba wa masu haya kowace damina ai sun isa ka mallaki a-kori-kurar Amurka. Nan da ita manoma ke jan tirelar shanu." Na ce to wace iri? Sai ya buɗe mini karatu. A can, in ji shi, sunan inji ake fara tambaya kafin na mota, kuma gida uku ne. Ford na da Power Stroke, wanda kamfanin Navistar ya daɗe yana ƙera mata kafin su raba gari, ta koma yin nata mai lita 6.7 daga 2011. Chevrolet da GMC na da Duramax, ɗan haɗin gwiwar General Motors da Isuzu na Japan, wanda ya fito a 2001. Sai Ram, wadda tun 1989 take ɗauke da injin Cummins mai silinda shida a jere. Masu motocin kuwa ba sa ga maciji da juna, musunsu ya fi na 'yan ƙwallo a teburin mai shayi.

Ina jin Cummins na ce a tsaya nan, wannan sunan na sha ganin sa a jikin manyan janaretoci. Bakanikena ma ya sa albarka. Ya ce in tsohon nan ne mai lita 5.9, wanda famfonsa ba ruwansa da kwamfuta, ko a dajin Falgore ya tsaya da sifana da filaya zai tashe shi.

Sai dai ƙanena mutum ne mai son a ce ya kyauta. Ga dokar kwastan a kan shekarun mota, ga shi kuma ya ga bai dace yayansa ya hau motar da ta girmi 'ya'yansa ba. Ya cika daga aljihunsa ya sayo Ram ƙirar 2015 mai lita 6.7, mai taya huɗu a baya. Ranar da ta iso daga Legas unguwa ta fito kallo. Sai da aka fasa gefen ƙofar gida kafin ta shiga, uwargida kuwa da kujera 'yar tsugunno ta hau.

Kusa da bakin tankin gas akwai wani ɗan murfi shuɗi. Bakanike ya buɗe, ya shinshina, ya mayar ya rufe, ya ce, "Alhaji, wannan iyayin Turawa ne, ba ruwanmu da shi." Da aka kwana biyu wani rubutu ya fara fitowa a gaban sitiyari da Turanci, yana ƙirga mil, kullum lambar tana raguwa. Bakanike ya yi nazari, ya yanko baƙin salatif ya manne wurin. Rubutu ya daina damun kowa.

Da ruwa ya sauka na yi lodin buhunan taki zan kai gona Tudun Wada. Mota tana tafiya ba ka ko jin kaya a bayanta. Muka wuce Kura, muka wuce Kadawa, ina ta ba tireloli hon. A Kwanar Dangora muka tsaya la'asar. Muka idar, na murza makulli, inji ya tashi lafiya lau, na taka totur har ƙasa, mota ta ce kilomita takwas a awa, ba ƙari. Mai rake a kan keke ya wuce mu. Wata amalanken shanu ta zo ta wuce, yaron da ke kora ta har da ɗaga mana hannu.

Na gangara gefe na kira Houston. Ƙanena ya ce in karanta masa abin da allon ya rubuta. Na ce salatif ne a wurin. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Daga nan ya yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa mai jinya. Dokar hayaƙi ta Amurka ta tsananta a 2010, sai aka ƙara wa motocin gas wani tanki na ruwa da ake fesawa cikin salansa, ya mayar da gubar hayaƙin iska da tururi. Kuma hukuma ta san halin ɗan Adam, ba wanda zai sayi ruwa don huhun maƙwabci, shi ya sa ta wajabta in tankin ya ƙare motar ta yi gargaɗi, ta ƙirga maka mil, in ka yi kunnen ƙashi ka kashe ka kunna, ta koma rarrafe. Wato motar aikinta ta yi. Na ce to ruwan mene ne? Ya ce yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari, sauran tataccen ruwa.

Na waiwaya baya. Abin da na ɗauko ke nan tun daga Kano, buhu a kan buhu.

Kafin in kashe waya jama'a sun taru, kuma kowa ya ji. Mai faci ya kawo bokiti, mai shayi ya kawo kwano da rariya, aka sayo ledar fiya wata. Wani ɗan sakandare ya ce an koya musu a aji cewa ko a fitsari akwai yuriya, yaron motata ya kai hannu zariyar wando, na daka masa tsawa. Aka auna kwano ɗaya na taki, biyu na ruwa, ana juyawa da sandar rake. Abin mamaki, bokitin ya ɗauki sanyi ƙarara, har raɓa ta feso a jikinsa a tsakiyar zafin nan. Mai faci ya taɓa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ya haɗu, Alhaji." Wayata tana ta ruri a aljihu, ƙanena ne. Na ce bari mu gama tukuna.

Aka tace da hular yaron mota, don rariyar ta yi faɗin ido, aka ɗura ta shuɗin murfi. Na kunna, na taka, mota ta zabura. Aka yi kabbara a Kwanar Dangora. Na raba wa kowa na goro, mai faci ya karɓi lambata ko za a sake buƙatarsa.

Abin da ƙanena ke son faɗa, wanda na ji daga baya, shi ne takin gona ba shi da tsarkin da ake bukata, ruwan leda kuma akwai gishirin ƙasa a ciki. Ba a jima ba ƙidayar ta dawo, wannan karon ba salatif, ina kallonta tana sauka. Da aka kwance ɗan bakin da ke fesa ruwan, sai ga shi ya toshe da farin dutse, ana ƙanƙara da wuƙa yana zuba. Na gaske ashe ana samun sa a jarka wurin masu manyan motocin Turai, AdBlue suke ce masa, sai da na aika Legas. Kayan gyara kuma sai daga Amurka, da dala. Kafin su iso motar ta zauna a tsakar gida, uwargida ta gano bayanta ya fi ko'ina shanya kuɓewa, don awaki ba sa iya hawa.

Jiya bakanike ya zo da shawara. Ya ga injin tsohon janareto a Ƙofar Ruwa, mai lita 5.9, ba waya ba kwamfuta, a ciro wannan a dasa shi. Na ce ai na janareto a kan juyi 1500 a minti aka saita shi, ba ya hawa ba ya sauka. Ya ce, "Gudu ɗaya za ta riƙa yi, Alhaji. Amma da daddare kana iya ba layinku wuta, kowane gida dubu biyu."